Tafiyar Tiga a keke: wace taswira za mu sauke?

Ɗan Kurna: Salamu alaikum 'yan keke. Maganar tafiyar Tiga ta Asabar ɗin sama. Ni fa raina bai kwanta da bin titin Zariya tun daga Na'ibawa har Kwanar Ɗangora ba. Wancan karon da muka je Kura, wata tirela ta wuce ni a gadar Tamburawa, iskarta kaɗai ta kusa kayar da ni. Wani abokina ya ce akwai hanyar da ke bin bakin kanal ta cikin gonakin Kadawa har wajen Ruwan Kanya. Na duba Google Maps, ina ganin wasu siraran layuka, in na matso su fito, in na ja baya su ɓace. Kuma kun san can sabis sai a hankali. Yaya zan yi in ajiye taswira a waya, wadda za ta nuna har 'yan hanyoyin gona ko babu data? Bara hoton fuskar waya na yi ta ɗauka, sun fi ashirin, da muka shiga daji na rasa wanne ke bin wanne.

Abban Hanifa: Wa alaikumus salam. Tambaya mai kyau, ni ma tirelolin nan sun ishe ni. Ina Injiniya? Fito, wannan gonarka ce.

Mai Faci: Kafin Injiniya ya fito, ku ji tawa. Duk taswirar da za ku sauke, ku tabbata tana nuna inda tsidau yake, don ni ba zan biyo ku da gam ba.

Injiniya: Ga ni, ina hanya ne. Ƙanena, Google Maps ɗin ma yana ajiyewa. Ka taɓa hotonka da ke sama ta dama, za ka ga wurin taswirar da ake amfani da ita ba intanet, ka ja akwatin ya rufe daga Kano har ƙasan Tiga, ka sauke. Sai dai akwai abu biyu. In babu data, hanyar mota kawai zai lissafa maka, ba ya ba da ta keke ko ta ƙafa. Sannan hoton sama ba ya biyo abin da ka sauke, zane kawai za ka samu, alhali hanyar kanal ɗin nan a hoton sama ta fi fitowa.

Ni abin da nake amfani da shi OsmAnd ne, wani lokacin Organic Maps. Dukkansu daga rumbu ɗaya suke ɗiba, wato OpenStreetMap, taswirar da mutane ke zanawa da hannunsu kyauta. Wani Bature, Steve Coast, ya fara ta a Ingila a 2004. Da zarar ka sauke sashen da Kano take ciki, shi ke nan, komai yana cikin wayarka: binciken suna, lissafin hanya, har zaɓin cewa a keke kake. Organic Maps ya fi sauƙi kuma ba a biyan ko sisi. OsmAnd ya fi zurfi, yana iya rina hanya da launi don a gane kwalta ce ko burji ko yashi, amma na kyautarsa saukewa bakwai kawai yake ba ka, kar ka je ka ƙarar da su a kan Saudiyya da Dubai don sha'awa.

Ɗan Kurna: Yaya Injiniya, to in babu sabis ta ina wayar za ta san inda nake?

Injiniya: GPS ba ruwansa da layin waya, sauraren tauraron ɗan'adam kawai yake. Ko ka cire sim ɗin ma ɗigon nan shuɗi zai nuna ka. Abin da data ke yi shi ne hanzarta kamun farko. Saboda haka ka buɗe taswirar tun a ƙofar gida ya kama ka, sannan ka sa wayar a yanayin jirgin sama. Batir zai kai ka yamma, don neman sabis a inda babu shi ne yake shanye caji.

Baba Mai Raleigh: Yara ke nan. Ina karanta ku ina dariya. Lokacin da aka gama dam ɗin nan na Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, mu uku muka hau kekunanmu muka je kallon ruwa, ba waya ba takarda. In mun isa mararraba mu yi sallama mu tambaya. A wani ƙauye har fura aka dama mana. Matambayi ba ya ɓata. Yanzu ku kuna so ku tafi kan kowa a sunkuye yana kallon gilashi, ku wuce mutane ko gaisuwa babu.

Injiniya: Allah ya ƙara girma Baba. Ba wanda ya hana tambaya. Amma Baba ka san halin mutanenmu, in ka ce ina ne Tiga sai a ce maka "ai ga ta nan gaba kaɗan", ka yi awa biyu kana taka feda ba ka ga gaba kaɗan ɗin ba.

Baba Mai Raleigh: Ai kai ne ba ka iya tambayar ba. Ba a tambayar mai babur nisa, komai kusa ne a wurinsa. Mai keke ake tambaya, ko mai amalanken shanu, kuma ba "nawa ne nisa" ake cewa ba. Cewa za ka yi, in na tashi yanzu ina zan yi azahar?

Abban Hanifa: Wannan kam Baba ya ci mu.

Malamar Labarin Ƙasa: Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa magana ba, ɗana ne ke bin ku, kuma tunda har da shi a tafiyar nan dole in sa baki. Baba, da girmanka, taswira ba ta zo don ta kore tambaya ba, amma akwai abin da take gani wanda mutumin gari ba ya lissafawa. Misali gangara. Kanal ɗin nan ba inji ke tura ruwansa ba, gangarowa yake da kansa daga Tiga zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Ma'ana duk wanda ya bi bakinsa zuwa Tiga hawa yake yi a hankali, ko da ido bai gani ba. Yaro zai ji cinyarsa ta yi nauyi ya ɗauka yunwa ce.

Ku nemi taswira mai layukan tudu. Kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne. In layukan sun yi nesa da juna, fili ne. In sun matsu kamar tsagar fuska, to akwai hawa, kuma za ku ga haka in kun doshi duwatsun Rano da Rurum. Yawancin bayanan tsayin da manhajojin nan ke amfani da su daga wani awo ne da kumbon Amurka, Endeavour, ya yi da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000. Mai kyan, wanda ke auna kowace mita 30, sai a 2014 aka sake shi ga Afirka. To mita 30 ta isa ta nuna tudu, amma ba za ta nuna kwazazzabon da ruwa ya ci bara ba. Wannan kam sai a tambayi su Baba.

Baba Mai Raleigh: Madalla da Malama. Kin ga ke kin iya magana, ba kamar wasu ba.

Injiniya: Na ji Baba, na karɓa.

Ɗan Kurna: Anti mun gode. To ke nan dawowa gangara ce, za mu huta.

Malamar Labarin Ƙasa: Kar ka yi saurin murna. Hunturu muke ciki, iskar daga arewa maso gabas take busowa. Zuwa tana bayanku, dawowa kuwa a ƙirji za ku sha ta. Abin da gangara ta ba ku iska za ta ƙwace. Ku lissafa lokacin dawowa ya fi na zuwa, kar magariba ta same ku a gona.

Baƙon Jamus: Jama'a barkanku. Ni a nan komoot nake amfani da shi, a Jamus aka ƙirƙiro shi. Ka sa inda za ka, ka ce masa kekenka na kwalta ne ko na daji, ya fitar maka da hanya har da yawan kwalta da tsakuwa da za ka taka. Me zai hana ku gwada shi?

Injiniya: Alhaji, shi ma daga OpenStreetMap ɗin yake ɗiba. Bambancin shi ne a can kowace 'yar hanya an samu wanda ya bi ta ya rubuta irin ƙasarta. A nan an zana layin daga hoton sama, amma sau da yawa ba wanda ya ce yashi ne ko laka. Sai manhajar ta yi hasashe, ta ce awa uku za ka yi, alhali rabin hanyar turin keke ne.

Baƙon Jamus: Wallahi haka ne, ka tuna min. Da na zo hutu na ce bari in nuna wa ƙannena wayewa, na zana mana hanya daga garinmu zuwa wani ƙauye, layi miƙaƙƙe abin sha'awa. Ashe busasshen rafi ne wani ya zana a matsayin hanya. Rairayi har idon sawu. Muka yi ta jan kekuna, yaran gari na bin mu suna "Bature ya ɓata". Har yau sunan da ake kira na da shi ke nan a gida.

Mai Faci: Allah sarki Bature. To ka ga amfanin faci, ko a Jamus sai an yi.

Ɗan Damagaram: Sannunku 'yan uwa. Ni abin da ya fi ba ni wahala suna ne. A nan in ka rubuta Damagaram wani lokaci sai ka koma ka rubuta Zinder, ƙananan garuruwa kuma da rubutun Faransanci suke, Matamai ta zama Matamèye. Ku ma can na san akwai irin haka.

Abban Hanifa: Sosai. Ciromawa sai ka sa Chiromawa, Garun Malam wani wurin da "ll" biyu, kuma kar ka wahalar da kanka da ƙ da ɗ, Dangora kawai za ka rubuta. Mafi haɗari ma sunayen da suka yi yawa. Tudun Wada nawa muke da su? Akwai ta cikin Kano, akwai ta Zariya, akwai ta Kaduna, ga ƙaramar hukumar da ke kudu da Tiga. Na taɓa cewa wani ya same mu a Tudun Wada, bawan Allah ya sa a waya ya tafi unguwar da ke cikin gari ya yi ta kira.

Injiniya: Shi ya sa ba na tura suna. Lambobin wuri nake turawa, irin su 11 da ɗigo kaza, 8 da ɗigo kaza. Ka danna wurin ka riƙe, lambobin su fito, ka kwafe. Kowace manhaja tana gane su ko babu intanet.

Yanzu ga yadda nake shirya tafiya irin wannan, wanda ya ga da gyara ya gyara min. A kwamfuta nake farawa, don allon waya ya yi ƙanƙanta. Ina buɗe Google Earth in bi hanyar da ido taku-taku, kuma abin da na fi dubawa shi ne kwanan watan hoton da ke ƙasa. Hoton da aka ɗauka a watan Maris ba zai gaya maka komai game da Agusta ba. Akwai wurin komawa tsofaffin hotuna, sai in gwada na rani da na damina. In hanya ta fito a duka biyun, hanya ce ta gaske. In ta yi fari fat tana lanƙwasa kamar maciji, rafin su Alhaji ne. In akwai sawun taya biyu da ciyawa a tsakiya, amalanke ko a-kori-kura na bin ta, keke zai wuce.

Daga nan in zana layin, in mayar da shi fayil ɗin GPX. Ba komai ba ne illa jerin lambobin wurare a jere, bai kai nauyin hoto ɗaya ba, ana tura shi ta WhatsApp kamar takarda. Kowa ya buɗe shi da OsmAnd ko Organic Maps, layin zai kwanta a kan taswirarsa. Amfaninsa shi ne manhaja ba za ta canza maka shawara a hanya ba. In ka bar ta ta lissafa da kanta, da ka kauce kaɗan sai ta maido ka titin tirela, don a ganinta ya fi sauri.

Ɗan Kurna: Yaya wannan ai karatu ne guda. Ba za ka zana mana kawai ka turo ba?

Injiniya: Zan zana, amma kowa ya sauke taswirar da kansa tun daren Alhamis, a inda sabis ke da ƙarfi. Sannan ka kashe data ka buɗe ka gani da idonka cewa ta sauka. Ban son ranar Asabar da asuba a tsaya a Na'ibawa ana "ba ni hotspot".

Baba Mai Raleigh: In wayar ta faɗa kanal fa?

Malamar Labarin Ƙasa: Tambayar Baba ba wasa ba ce. A buga ta a takarda ko guda biyu ce, a sa a leda. Wanda zai buga ya tabbata ma'aunin nisa ya fito a gefe. A ma'aunin 1:50,000, santimita 2 a takarda kilomita 1 ce a ƙasa, kusan faɗin babban yatsa. Kuma a rubuta sunayen ƙauyuka a jere da biro a baya, don takardar ce za ku nuna wa manomi, ba zai tsaya leƙen wayarku cikin rana ba.

Baba Mai Raleigh: Ina da wata tsohuwa a akwati, ta kafin a yi dam. Inda ruwan yake yanzu kogi ne kawai da ƙauyuka. Zan kawo muku ku gani, amma ba na bayar da aro.

Abban Hanifa: Baba wannan ai kayan tarihi ne, a zo da ita don Allah. Sai magana ɗaya daga ni a matsayin mai kula da zaure. Fayil ɗin da Injiniya zai turo kar ya fita daga nan, kar a sa shi a Facebook, kar a sa ranar tafiya a sitatus. Masu Strava kuma, manhajar nan da ke ɗaukar sawun tafiyar mutum tana nuna wa jama'a, ku ɓoye farkon tafiyarku da ƙarshenta, akwai wurin yin hakan a saiti. A 2018 taswirar Strava ta tona inda sansanonin sojojin Amurka suke saboda sojojin na gudun motsa jiki da ita, balle ƙofar gidanka da keken da ka saya da tsada. Kuma iyakarmu Tiga. Duk wanda taswira ta nuna masa kyan hanyar Falgore, ya ajiye sha'awarsa.

Ɗan Damagaram: Gaskiya ne. Allah ya tsare, ku kawo mana labari.

Injiniya: Na turo fayil ɗin. Daga gari za mu bi titi har mu ƙetare Tamburawa, don gadar ba ta da madadi, sai mu sauka bayan Kura mu kama kanal. Na sa alama a wuri huɗu da nake zaton akwai mai shayi ko rijiyar burtsatse. Akwai wuri ɗaya da na sa alamar tambaya, inda layin ke tsallake ruwa. A hoton sama na ga wani abu siriri a kai, ina kyautata zaton gada ce.

Mai Faci: "Ina kyautata zato." To, a riƙe wannan kalmar.

Ɗan Kurna: Alhamdu lillahi mun dawo lafiya jiya bayan isha'i, mu tara muka tafi mu tara muka dawo. Bari in ba waɗanda ba su je ba labari. Hanyar kanal ɗin nan duniya ce. Ruwa a gefenka, tumatir da albasa kore shar har iya ganinka, ba hon ba hayaƙi, sai masu babur ɗauke da kwanduna jefi-jefi. Na sa wayata a yanayin jirgi tun Na'ibawa, muka isa Tiga cajina bai kai rabi da sauka ba. Ta Abban Hanifa ce ta ɗauki zafi ta mutu wajen sha ɗaya, don ya ɗaure ta a kan keke rana na dukanta. Ni a aljihu na bar tawa, sai mun zo mararraba in ciro.

Sai wurin alamar tambaya. Jama'a, gadar Yaya Injiniya bututun ƙarfe ne guda ɗaya, wanda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Muka tsaya cirko-cirko kowa na kallon waya. Baba bai ce uffan ba, ya jingine Raleigh ɗinsa, ya gangara wurin wani dattijo da ke ban ruwa, suka gaisa kamar sun shekara da sanin juna, har da tambayar iyali da sanyi. Ya dawo da tumatir cike da hula, ya ce mu koma baya kaɗan akwai gadar siminti a bayan wasu bishiyoyin mangwaro. A hoton sama inuwar mangwaron ce ta rufe ta.

Baba Mai Raleigh: Ni ban ce komai ba.

Injiniya: Baba ai shirun naka ya fi maganar ciwo. Amma a faɗi gaskiya duka: a mararrabar da ke gaba, mutum biyu muka tambaya, ɗaya ya nuna gabas ɗaya ya nuna kudu, layin waya ne ya raba gardamar.

Na ɗauki sawun tafiyar gaba ɗaya da GPS. Daren jiya na shiga OpenStreetMap na cire tsallaken bututun, na sa gadar simintin a inda take, na kuma rubuta irin ƙasar kowane yanki: inda burji ne, inda laka ce saboda ruwan gona na malalowa, da wajen kilomita ɗaya da muka tura saboda yashi. In manhajojin suka sabunta taswirarsu nan da 'yan makonni, gyaran zai sauko wa kowa, har komoot ɗin Alhaji. Mai son taimakawa ya buɗe asusu, kyauta ne, akwai ma StreetComplete a Android da ke tambayarka abu ɗaya-ɗaya in kana wurin. Sharaɗi dai kar a kwafo daga Google, dokarsu ta hana, abin da ka gani da idonka za ka sa.

Malamar Labarin Ƙasa: Yaron nan tun da ya dawo yake barci, ko abincin dare bai ci ba. Iskar dawowa fa?

Ɗan Kurna: Anti kar ki tuna min. Daga Kadawa zuwa Kura kamar ana riƙe min riga ta baya. Mun ƙara fiye da awa ɗaya a kan lokacin zuwa.

Mai Faci: Taya nawa?

Abban Hanifa: Biyar. Uku na mutum ɗaya ne, ba zan faɗi suna ba.

Mai Faci: Injiniya, don Allah kar ka sa wurin tsidau ɗin a taswira, da shi nake ciyar da yara. Kuma wanda ya tafi da famfona ja ya dawo min da shi kafin azahar, akwai mai jira a shago.